Filin Saini Kunce: an iya karɓar gini, ba a iya yaɓe ba

Ranar 21 ga watan Maris na 2025, a birnin Ujda na ƙasar Maroko, ƙungiyar Mena ta Nijar ta karɓi baƙuncin ƙungiyar Maroko a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya. Kada mai karatu ya zaci kuskuren maɗaba'a ne. A takardun hukumar FIFA, Nijar ce mai gida, Maroko ce baƙuwa, alhali kuwa filin na Maroko ne, jama'ar da ta cika shi ta Maroko ce, hatta mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ɗan Maroko ne. Aka tashi 2 da 1, baƙin da ke zaune cikin gidansu suka yi galaba. A wannan dare babban filin wasanni na Janar Saini Kunce yana nan tsaye a Yamai, bai rushe ba, bai ƙone ba, sai dai hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ba ta yarda a buga wasa irin wannan a cikinsa ba.

Akwai manyan mutane da ke ɗaukar wannan batu maganar samari masu son tamaula, abin da bai kai a ɓata masa tawada ba a ƙasar da ke fama da fari da ƴan bindiga. Sun yi kuskure. Magana ce ta dukiyar jama'a, da yadda hukuma ke riƙon abin da aka danƙa mata. Ciwon da ya kama wannan fili shi ne ya kama asibiti, da lakkwal, da famfon ƙauye, da hanyar kwalta. Bambancin ɗaya ne: asibitin da rufinsa ke yoyo ba shi da wani baƙo da za a turo daga Alƙahira ya duba, ya rubuta, ya rufe, duniya ta ji. Filin wasa yana da shi. Don haka ne abin da ake iya ɓoyewa a wasu wurare ya fito fili a nan.

Ɗan da aka haifa bayan arziki ya wuce

An buɗe filin a 1989, a zamanin Janar Ali Saibu, aka raɗa masa sunan Saini Kunce wanda ya rasu a watan Nuwamba na 1987. Aikin taimako ne na ƙasar Sin, wadda Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita a 1974, shekarar da Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani. Sinuwa ne suka gina shi, kamar yadda suka gina wa Benin nata a Kwatano a 1982, da Burkina Faso a Wagadugu a 1984, da Senegal a Dakar a 1985. Shekarar buɗewar abin lura ce. Otel Gaweye da Fadar Taro da sauran manyan benayen Yamai ƴaƴan kuɗin uraniyum ne, sun zo lokacin da baitulmali ke da kitse. Shi kuwa filin ya zo ne bayan kasuwar uraniyum ta faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, Bankin Duniya da FMI sun shigo da almakashinsu. Wanda ya ba mutum doki bai ɗauki alkawarin harawa ba. Tambayar da ta kamata a yi ranar yanke ƙyalle ita ce wa zai ci da wannan gini kowace shekara, kuma daga wace aljihu. Tarihin da ya biyo baya ya nuna ba a ba ta amsa ba.

Abin da mutanen Yamai ke kira "sitad" ba filin ƙwallo ne kaɗai ba, unguwa ce guda ta wasanni. Akwai babban filin da ke ɗaukar mutum kimanin 35,000, da hanyar tsere da ta kewaye ciyawar, da manyan fitilu na wasan dare, da rumfar manyan baƙi mai inuwa. Sauran jama'a kuwa rana ce rabonsu. A gefensa akwai Fadar Wasanni, rufaffen zaure na ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da dambe da makamantansu. Akwai ƙananan filaye na atisaye, daga baya kuma aka ƙara makarantar wasannin faɗa irin su judo da karate da tekwando. Kada a raina waɗannan zaurukan don ba su da ƙarar ƙwallon ƙafa: lambobi biyu da Nijar ta taɓa samu a wasannin Olimpik duk daga faɗa suka fito, tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik a 1972, da azurfar Abdurrazak Isufu Alfaga a tekwando a Riyo a 2016. A babban filin ne ƙungiyoyin Yamai irin su Sahel da Olimpik da Zumunta suka saba karawa. Da asuba da la'asar kuwa harabar ta kowa ce: ma'aikacin da likita ya ce ya rage teɓa, saurayin da ke shirin shiga jandarma, ƴan mata masu tsere, yaran unguwa da ƙwallonsu mai faci.

Suna biyu a haraba ɗaya

Filin bai cika shekara uku ba siyasa ta same shi har gida. Ranar 29 ga Yuli 1991 wakilai kimanin 1,200 suka shiga Fadar Wasanni domin Babban Taron Ƙasa, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andire Salifu, ba su tashi ba sai 3 ga Nuwamba. A zauren da aka gina don ƴan dambe, nan aka yi wa mulkin soja na shekara 17 tankaɗe da rairaya. Nan aka tono maganar kisan ɗalibai na 9 ga Fabrairu 1990, da abin da ya faru a Cintabaraden. Nan aka rage wa Ali Saibu iko, aka zaɓi Shefu Amadu firaministan riƙon ƙwarya. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa na wancan lokaci ba su manta ba yadda aka yi wata uku ana awo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da rediyo. Bayan taron aka sauke sunan Kunce, filin ya koma na 29 ga Yuli. Da aka yi wasu shekaru sunan Janar ya dawo wurinsa, ranar kuma ta tsaya a jikin zauren. Sai ga su sun zama maƙwabta, sojan da ranar da aka yi wa mulkinsa hisabi, kowa da allonsa.

Wannan zaman tare abin sha'awa ne, domin ba kowace ƙasa ce ke iya ajiye tarihinta biyu a haraba ɗaya ba tare da an tsaga wani ba. Amma ya kuma nuna inda hankalin masu mulki yake. Kowace gwamnati ta san darajar allon da ke bakin ƙofa. Sauya suna aikin fenti ne da rabin yini. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ba shi da jam'iyya, ba shi da mai kare shi.

A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya, da biyan albashi ya gagare ta, ta juya wa Bejin baya ta amince da Taiwan domin samun kuɗi. Sin ta yanke hulɗa, ba a maido da ita ba sai 1996, zamanin Ibrahim Bare Mainasara. Wato shekara huɗu ƙasa na gaba da wanda ya san sirrin ginin, wanda kayan gyaran suke hannunsa. Ana cikin haka aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, duk abin da ake sayowa daga waje kuɗinsa ya ninka. Ma'aikacin da ya yi watanni ba albashi a waɗannan shekaru ba zai zargi kowa ba don bai sayi ƙwan fitilar filin wasa ba. Uzuri ne na gaskiya. Sai dai uzurin 1994 ba ya wanke 2021.

Fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya bi tarihin filin zai ga hankali na komawa kansa ne in baƙi na tafe. A watan Disamba na 2005, zamanin Tanja Mamadu, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na 5, daga 7 zuwa 17 ga wata, a shekarar da yunwa ta ɗaiɗaita ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa. An yi ta muhawara a kan dacewar biki a irin wannan shekara, amma an samu kuɗi, an yi gyara, an gina sabbin wurare, baƙi sun zo sun tafi da yabo. A 2015 aka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17, a 2019 ta ƴan ƙasa da shekara 20, wadda aka raba wasanninta tsakanin Yamai da Maraɗi. Mali ce ta tafi da kofi duka biyun. Kowane karo sai a ga magina na aiki dare da rana, fenti bai bushe ba baƙi sun sauka.

To, a watan Fabrairu na 2019 CAF ta buga wasan ƙarshe na gasarta a wannan fili. A watan Yuli na shekarar Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, da sabon filin jirgi da sabbin otel-otel, abin da ya nuna in an so ana iyawa. A 2021 CAF ɗin nan ta fitar da jerin filayen da ta amince da su, babu na Yamai a ciki. A watan Satumba Mena ta karɓi Burkina Faso a Marakesh. An samu sassauci na ɗan lokaci, aka buga da Aljeriya a Yamai a watan Oktoba, daga nan sai yawon bara ya kankama: Tanzaniya a Kwatano a 2022, Aljeriya a Tunis a 2023, Uganda da Tanzaniya da Zambiya a Marakesh a wannan shekarar, Gana a Barkan ta Maroko da Sudan a Lome a 2024. Gaskiya ne ba Nijar kaɗai abin ya shafa ba, domin Senegal da Mali da Burkina Faso duk sun sha irin wannan kunya a 2021. Amma a dubi Kwatano. Filin da aka je aro a can Sinuwan nan ne suka gina shi, kuma ya girmi na Yamai da shekara bakwai. Ba tsufa ba ne laifin ke nan.

Wanda yake so ya san abin da aka rasa, ya tuna da 2010 da 2011. A neman shiga gasar Afirka ta 2012, Mena ta faɗa rukunin Masar, mai riƙe da kofi sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Ta fita waje sau uku, aka doke ta sau uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa ba. A Yamai kuwa ta buga uku ta ci uku: Masar 1 da 0 a watan Oktoba na 2010 da ƙwallon Musa Ma'azu, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Da waɗannan maki 9, waɗanda duk a kan wannan ciyawa aka tsince su, a cikin wannan zafi, a gaban wannan jama'a, Nijar ta shiga gasar karo na farko a tarihinta, ƴan Afirka ta Kudu suna can suna rawar murna bisa kuskuren lissafi. Mai horarwa Haruna Dula ya zama gwarzon masu horarwa na Afirka na 2011. A 2012 aka maimaita: Gine ta ci 1 da 0 a Konakiri, aka rama mata 2 da 0 a Yamai, aka wuce gasar 2013. Fili kaɗai ba ya cin wasa, shekarun da suka biyo baya sun nuna haka. Amma ƙungiyar da ta ƙare ta 2 a bayan Maroko a neman kofin duniya na 2026, ba tare da ta taka ciyawar gida ba, tana da damar tambayar inda za ta kai da an bar mata ranarta da mutanenta.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Babban wasa a Yamai ranar kasuwa ce. Motocin safa na cika tun daga Maraɗi da Damagaram, masu otel da masu taksi da ƴan kabu-kabu na samu, mai kilishi da mai ruwan sanyi da telan da ke ɗinka riguna da tutoci duk suna komawa gida da abin cefane. In an kai wasan Marakesh, wannan ciniki ya tafi Marakesh. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san ɗaya gefen takardar: kuɗin jirgi, kuɗin otel, kuɗin hidimar tawaga, duk a ƙasar wani, ga kuɗin ƙofa babu. Ya kamata ma'aikatar wasanni da hukumar FENIFOOT su tara abin da aka kashe a wannan gudun hijira daga 2021 zuwa 2025, su buga shi a fili, a ajiye shi kusa da kuɗin kula da filin na waɗannan shekaru, jama'a su duba da idonsu wanne ya fi tsada.

Masu cewa CAF ta cika tsanani, wai tana auna matalauta da mudun Turawa, suna da ɗan abin faɗa, domin ba kowane sharaɗi ne aka rubuta da tunanin Sahel ba. Amma a duba abin da masu binciken ke nema: ciyawa mai kyau, fitilu masu haske, kujera ga kowane ɗan kallo, ɗakunan sauya kaya, ɗakin likita, wurin ƴan jarida, makewayi mai ruwa, ƙofofin da za a iya fitar da taro cikin gaggawa. Wanne ne a ciki almubazzaranci? Mutum fiye da 120 suka mutu a filin Akara a watan Mayu na 2001 saboda turmutsutsu a bakin ƙofofi, 8 kuma a filin Olembe na Yawunde a Janairu 2022. Wanda ya sayi tikiti da guminsa ya cancanci ya koma gida da ransa, ya kuma samu inda zai kama ruwa.

Yaɓe maraya ne

Mai gidan ƙasa a Birnin Damagaram ya san soro ba ya faɗuwa a damina ɗaya. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yaɓe, ana gyara indararo, ana toshe tsaga. Wanda ya bari shekara biyar, sai ya rushe ya sake. Haka filin wasa yake, har ma ya fi. Ciyawa a garin da zafin Afrilu ke wuce 40 tana son ruwa kullum, da taki, da aski, da hutu. Ƙurar hunturu na shiga injin wuta da allon lantarki. Rana na cin roba da fenti. Waɗannan ba aikin kwangila ba ne, aikin mutum ne mai albashi da ke zuwa kowace safiya da kayan aikinsa.

A nan gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin kuɗi na wata ma'aikata ya san kasafi gida biyu ne, na gini da na tafiyar da aiki, ya kuma san in aljihu ya matse, kuɗin gyara ake fara yankewa, domin bango ba ya yajin aiki. Babbar kwangilar sabuntawa tana da iyaye da yawa: akwai mai sa hannu, akwai mai aza tubali, akwai mai yanke ƙyalle a gaban talabijin, akwai kuma, kowa ya sani, masu jiran nasu kason. Mai canza bututu ba ya fitowa a labarun ƙarfe takwas da rabi. Saboda haka tsarin da kansa yana saka wa wanda ya bar abu ya lalace, yana mance wanda ya hana shi lalacewa. Duk lokacin da maganar filin ta taso sai a ji masu cewa a gina sabo, babba, na zamani. Wanda bai iya riƙe mai 35,000 ba, me zai yi da mai 60,000, in ba ninka asara ba?

Sannan akwai maganar masu cin moriyar wurin. A shekarun jam'iyyu da yawa, cika wannan fili shi ne ma'aunin ƙarfin ɗan takara. Ranar 6 ga Agusta 2023, ranar da wa'adin CEDEAO ya cika, mutum kimanin 30,000 suka taru a ciki domin goyon bayan sojojin CNSP. Mawaƙa na yin wasa a nan, ana baje kolin kayan noma da kiwo a Fadar 29 ga Yuli. Babu laifi a wannan, wurin taron ƙasa ne, an kuma gina shi don a taru. Amma ciyawa ba ta san dalilin taro ba, nauyin ƙafa kawai ta sani. Ɗan kasuwar da ya kama rumfa a baje koli yana biya kafin ya shimfiɗa kayansa. Ya kamata doka ɗaya ta hau kan kowa: duk wanda ya tara jama'a a filin, ko mawaƙi ne, ko ƙungiya, ko gwamnati da kanta, ya biya haya, ya ajiye kuɗin jingina na abin da zai ɓata, kuɗin kuma su zauna a asusun filin, kada su bi ta baitulmali su ɓace cikin bukatun wata. A ƙarshen shekara shugaban filin ya buga lissafinsa a jarida: ga abin da ya shigo daga tikiti da haya da allunan talla, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage ba a gyara ba. Takarda ɗaya ta isa.

Haka nan duk wata yarjejeniyar gyara da za a sa wa hannu, da Sin ne ko da wani, kada a karɓi makulli sai da zanen ginin, da kayan canji na shekaru, da ƴan ƙasa masu lantarki da famfo da ciyawa da aka horar aka kuma ɗauka aiki. Abin da ya faru tsakanin 1992 da 1996 ya isa darasi a kan dogara da hannun wani. Maganar kuma ba ta tsaya a Yamai ba. Filin Maraɗi da aka shirya wa gasar 2019 yana bukatar wannan doka, haka filayen kokowa na jihohi takwas, waɗanda tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 sukan ga fenti ne in zagaye ya zo kansu.

Ƴan kasuwa na da abin yi a nan fiye da yadda suke zato. Su ne ke sayen allunan talla, su ke kama rumfuna, su ake zuwa wa da ƙoƙon bara duk lokacin da Mena za ta yi tafiya. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa na iya neman kujera a hukumar da ke kula da filin, ta kuma gindaya sharaɗin cewa daga yanzu ba dala ɗaya da za ta fito daga hannun membobinta sai an nuna musu lissafin bara.